Saƙon da Na Ba Matar Likita

A shekaru ukun farko da na yi ina wanke haƙoran mutanen Greensboro, can ƙasar Turawa, sau biyu na ajiye aiki, kuma takardar ajiyewa ta uku tana cikin jakata ranar da asirina ya tonu. Tsakiyar shekarun casa'in ne, lokacin mijina Baban Ummi yana fama da digirinsa na uku, ni kuma na gama kwas na shekara biyu na karɓi lasisi. A Kaduna na yi shekara shida a gefen likitan haƙori, ina miƙa masa kayan aiki, ina riƙe kan yara masu ihu. A nan kuwa ni ce zan kwantar da mutum a kujera, in kankare dattin da ya daskare a gindin haƙoransa, in duba dasashi da harshe da cikin kumatu, sannan likita ya leƙo ya sa hannu a kati. Na zo da hannu mai kyau, wannan ko maƙiyina ya sani. Bakina ne bai iya aikin ba.

Wurin farko yana kan titin Wendover, tsakanin wani kantin katifu da masu sayar da taya. Kujeru takwas ne a jere, labule kawai ya raba su, kana jin kakarin maƙwabcinka. Manajar wurin, Misis Tami, doguwa ce mai fara'ar da ba ta kai ciki ba, kuma dokarta guda: minti talatin kowane baki. Ko bakin ya shekara goma bai ga buroshi ba, minti talatin. Wallahi na ga abin da ya fi ƙarfin ido a wurin nan. Mutum zai shigo fes, turare na tashi, takalmi na ƙyalli, yana buɗe baki sai ki ji wari ya ratsa ƙyallen da kika rufe hanci da shi ya sauka miki a maƙogwaro. Tsohonmu da asuwaki kaɗai ya rayu, yana cin goro safe da yamma, amma bakinsa ya fi na rabin mutanen nan tsabta.

Warin ma da sauƙi. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne aikin ha'inci. In lokaci ya cika, Misis Tami za ta ƙwanƙwasa ƙarfen labule da biro, ke kuma ki goge saman haƙori ya yi sheƙi, ki bar ruɓa a ƙarƙashin dasashi, ki yi wa mutum murmushi ki ce sai bayan wata shida. Rannan wata mata ta kalle ni daga ɗankwali har takalmi ta ce ita a kawo mata wata, ba ta son wannan. Na juya ina jiran manaja ta ce wani abu. Sai ta dafa kafaɗata ta ce, “Rakiya, je ki sha ruwa, kin san halin kwastoma.”

Sunana a jikin wata farar takarda yake, an manna a bangon kujerata. Wata rana gefenta ya ɗago, na ja, sai ga sunan wata a ƙasa. Na sake ja, ga wata. Sunaye huɗu na ɓare kafin in kai ga fenti. Na tambayi wadda ke kujerar kusa da ni ina suka tafi, ta ɗaga kafaɗa ta ce wasu sun koma wani ofis, ɗaya tana sayar da gidaje, ɗaya bayanta ya lalace. Wata biyar na yi, na bar musu bangon su manna ta shida.

Wuri na biyu a tsakiyar gari yake, kusa da kotuna, ina sauka a tashar bas in taka ta titin Elm. Nan bakunan lauyoyi ne da ma'aikatan banki, tsaf-tsaf, kuma ana ba ni minti hamsin. Na ce alhamdulillahi, na huta. Ashe ban san likitan ba tukuna. Matashi ne, bai fi ƙanena ba, kuma yana da wata ɗabi'a da ni kaɗai yake yi wa. In na gama aiki zai ɗauki ƙugiyar kankara ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya har sai ya samo wani ɗan ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba, ya ɗaga shi wajen fitila a gaban mai bakin, ya ce, “To, me muka samu a nan, Rakiya?” In bai samu komai ba ma sai ya ce hmm, ya ajiye ƙugiyar, ya fita. Wannan hmm ɗin ya fi zagi ciwo.

Kafin wata huɗu na daina yarda da hannuna. Ni da nake cire ɗinki a bakin yaro yana fizge-fizge a Kaduna, sai ga ni ina duba haƙori ɗaya sau biyar ban yarda da idona ba. Akwai wata tsohuwa baƙar fata mai dafa kayan aiki a ɗakin baya, Mis Ola, ita ce ta lura. Ta kan ajiye mini gutsuren burodin masara a takarda, rannan ta kama yatsuna ta juya su ta ce, “'Yata, hannun nan lafiyarsa ƙalau. Wancan yaron ne ba shi da lafiya.” Na yi dariya, amma maganar ba ta shiga ba. A tashar bas da yamma nakan zauna in tuna Innarmu tana tankaɗe a tsakar gida, in ji kamar in bi bas ɗin da zai kai ni filin jirgi. Wata tara na daure, sannan na rubuta takarda.

Anti Asabe, wata 'yar Damagaram da ke aiki a gidan kula da tsofaffi, ita ce uwarmu a garin, Hausarta da ɗan Faransanci a ciki. Da ta ji labari ta zo har gida, ta zauna ko mayafi ba ta cire ba.

“Bon, Rakiya, ke sana'arki wanke haƙori ce ko ajiye aiki?”

Na ce, “Anti, wulaƙancin ne ya yi yawa.”

“Wulaƙanci? Ni da nake wanke kashin tsofaffin da ke kirana da sunan karensu? Ki nemi wani lokotoron, amma wannan karon ki zauna.”

Da ta tafi sai Baban Ummi ya sa baki. Ya ce shi dai abin da ya sani, matar da ya aura ba ta da tsoro, yana so a dawo masa da ita. Na ce ya je ya tambayi mai hmm inda ya ajiye ta.

Haka na kai ga Pleasant Garden, wani ɗan gari shiru a kudu da Greensboro, gidaje nesa-nesa da juna, babu mai tafiya a ƙasa. Dole na koyi tuƙa tsohuwar motarmu. Ofis ɗin gida ne aka mayar asibiti, kujera biyu kacal. Dakta Barlo ya haura saba'in, kansa fari fat, yana magana a hankali kamar Baffanmu na Zariya. Matarsa, Misis Barlo, ita ke zaune a teburin gaba tana amsa waya. Ranar farko ta nuna mini wani ɗaki ta ce in yi sallata a nan, ta ma cire hoton kare da ke bango ba tare da na roƙa ba. Likitan kuwa in ya leƙa aikina sai ya ce ya yi kyau, ya wuce. Na girmama mutumin nan kamar uba, kuma girmamawar ce ta kai ni ta baro.

Mutanen yankin da yawa tsofaffin manoman taba ne, kuma ba shanta kawai suke ba, cinta suke. Mutum zai cusa dunƙule tsakanin leɓe da dasashi ya wuni da shi, yana tsartar da baƙin yawu a kofin takarda. Wasu da kofin suke shigowa su ajiye mini a gefen kayan aiki. Tir. Na sha fita bayan gida in tsaya in yi numfashi kafin in dawo. Amma mutane ne masu gaisuwa, suna tambayar 'yata, suna kawo mana kabewa da wake.

Mista Odel yana cikinsu. Dogo ne siriri, kullum da hular hana sallah da ya ɗora a gwiwa in ya zauna, kuma surutu gare shi kamar rediyo. Sai na sa masa madubi a baki yake yin shiru, ina cirewa ya ɗora daga inda ya tsaya: tumatirinsa, jikokinsa, waƙar da yake jagoranta a cocinsu ran Lahadi. Ranar da na fara wanke masa baki, na naɗe harshensa da bandeji na ɗaga kamar yadda aka koya mana, sai na ga wani farin tabo a gefen hagu, can ƙasa, bai fi faɗin farcen ɗan yatsa ba. Na goga, bai fita ba. Na taɓa, na ji ɗan tauri. Na ga irinsa a hotunan makaranta, kuma na san sunan da ake tsoro.

Dakta Barlo ya shigo, suka yi barkwancinsu na shekara talatin, ya duba haƙora, ya leƙa sama da ƙasa, bai ɗaga harshen ba. Ya ce, “Lafiya lau, Odel, sai dai ka rage tabar nan.” Ya juyo gare ni ya ce, “Akwai wani abu, Rakiya?”

Na sunkuyar da kai na ce babu.

Ga abin da ke cikin kaina a lokacin, ba don in wanke kaina ba. A gidanmu ba a gyara wa babba a gaban baƙo. In Baffa ya yi kuskure, ba ka tararsa, sai ka samu wanda yake jin maganarsa, ka faɗa masa a lulluɓe, shi zai san lokacin da zai isar. Haka na ga ana yi tun ina yarinya, kuma saƙo ba ya ɓata. Ga kuma ɗaya muryar da na kwaso daga titin Elm tana ce mini, ke wace ce, mutumin da ya shekara arba'in yana duba baki bai gani ba sai ke? Ko a kati ban rubuta ba, don a ganina rubutawa kamar kai ƙararsa ne a takarda.

Da Mista Odel ya tafi, na je teburin Misis Barlo na tsaya har ta ajiye waya. Na fara da yabon likita, na ce ban taɓa aiki da mai ido irin nasa ba. Sannan na ce ko da wata rana in ya samu sarari, wataƙila zai so ya sake duban bakin Mista Odel, saboda tabar nan, ta gefen harshe, amma shi ya fi ni sani. Ta ce, “Kayya, Odel da tabarsa. Zan faɗa masa, 'yata.” Waya ta sake ƙara, ta ɗauka. Na koma ɗakina ina jin na sauke nauyi. A lissafina magana ta isa inda za ta.

Mako ya wuce, wata ya wuce, ban ji an kira Mista Odel ba. Ban tambaya ba, don tambaya kamar cewa ne matar ba ta cika alkawari ba. Sai na gaya wa kaina ai ta faɗa masa, ya duba a ransa ya ga ba komai, ni ce dai da ganin abin da babu. Daga nan abin ya dawo mini sabo. In dai idona yana ƙirƙiro ciwo a bakin mutane, me nake yi da lasisi? Ba mai ce mini hmm amma ina ji. Anti Asabe ta gaji da ni ta ce akwai gurbi a ɗakin wanki na wurin aikinsu, ninke zanen gado kawai, ba mai buɗe miki baki. Na ce ina so. Na rubuta takarda ta uku na sa a jaka, na ce ran Alhamis bayan mutum na ƙarshe zan miƙa.

Mutum na ƙarshe ran Alhamis ɗin Mista Odel ne, watansa shida ya cika. Ya zauna ya ɗora hula a gwiwa, amma surutun ya ragu. Ya ce kwanan nan wani abu yana damunsa in yana cin abu mai yaji, wataƙila haƙori ne ke gogarsa. Na ɗaga harshen. Tabon ya ninka uku, tsakiyarsa ya fashe ya yi ja, gefensa ya yi tauri kamar guntun igiya. Karon nan ba taba nake ƙyama ba, kaina nake ƙyama.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, “Dakta, zo ka ga wannan yanzu.” Ya shigo yana goge hannu, zai fara wasansu, na ce, “Ɗaga harshen, gefen hagu.” Ya ɗaga. Sannan ya gaya wa Mista Odel a natse cewa zai tura shi wajen likitan tiyata gobe-goben nan a yanki kaɗan a gwada, ya fita da kansa ya buga waya.

Bayan mutumin ya tafi, ya kira ni ofishinsa, matarsa na tsaye.

“Wannan bai fito jiya ba. Kin taɓa ganinsa?”

“Na gani, wata shida da suka wuce.”

“Na tambaye ki a gabansa, kika ce babu.”

“Na faɗa wa Misis Barlo ta faɗa maka.”

Matar ta dafe ƙirji. “Ni? Kin ce mini yana cin taba da yawa. Kowa a garin nan ya san Odel yana cin taba. Rakiya, ba ki ce mini kin ga wani abu ba.”

Gaskiyarta ne. Na lulluɓe maganar har ta shaƙe. Na fara bayanin yadda ake yi a wurinmu, cewa ban so in kunyata shi ba, sai na ji bayanin yana mini wari a baki, na yi shiru. Dakta Barlo ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, “Daga kujerarki zuwa ƙofar nan taku shida ne. Ni ban ɗaga harshen ba, wannan laifina ne, zan kwana da shi. Amma na ɗauke ki ne don ki ga abin da tsoho ya tsallake. Kunyata ta fi harshen Odel?”

Na fita na zauna a mota, jakar tana kan cinyata. Da na miƙa takardar a ranar, da na tsira daga haɗa ido da kowa, kuma wallahi na so. Abin da ya hana ni shi ne wani tunani mai ɗaci: ashe duk watannin nan da nake zargin idona, idon ya gani daidai tun ranar farko. Na bar wuri biyu ina cewa sun raina ni, na zo inda aka tambaye ni ra'ayina da girmamawa, na ce babu. A hanyar gida na yaga takardar na zuba a kwandon shara na gidan mai.

Ciwon daji ne. Aka yanke kusan rabin harshen, aka buɗe wuyansa aka cire wasu ƙullutai, aka yi ta gasa wurin da na'ura. Likitan tiyatar ya ce an same shi da sauran dama. Ban tambayi abin da zai rage da an same shi tun yana faɗin farce ba, domin na san amsar da kaina.

Sai da damina ta zagayo Mista Odel ya dawo. Ya rame, wuyansa da dogon tabo, yana riƙe da jakar takarda cike da tumatir. Maganarsa ta koma wata iri, kalmomin suna fitowa a dunƙule, sai ka kasa kunne sosai, kuma yana yi yana share gefen baki da hankici. Ya daina jagorantar waƙa. Ya miƙo mini jakar ya ce, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, matarsa ta ce a kawo wa yarinyar da idonta ya cece shi.

Na riƙe jakar ina jin nauyinta. Da na yi godiya na yi shiru, da ba wanda zai taɓa faɗa masa, don likita bai faɗa ba, matarsa ma haka. Na ajiye tumatirin a kan tebur, na ja kujerata na zauna daidai fuskarsa, na kalle shi cikin ido, abin da ban taɓa yi wa sa'an ubana ba.

Na ce, “Mista Odel, na ga tabon nan tun ranar da na fara wanke maka baki, yana ƙarami. Likita ya tambaye ni, na ce babu komai, don ina jin nauyinsa. Wata shida ka yi da shi saboda ni.”

Ya daɗe yana kallona. Ya juya hularsa a gwiwa sau biyu. Na ga maƙogwaronsa yana motsi, yana neman yadda zai haɗa kalma, kuma na zauna na jira, don duk abin da zai fito na cancance shi. Bai ce ya yafe ba, kuma har ya bar duniya bai sake kirana yarinyar da ta cece shi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “To yau ki duba da kyau.” Ya jingina da kujera ya buɗe baki.

Na sa safar hannu. Na naɗe abin da ya rage na harshensa da bandeji na ɗaga, na duba hagu, na duba dama, na bi ɗinkin da yatsa har ƙarshensa. Can baya kusa da tabon na ga wani ɗan ja da ban gane ba, mai yiwuwa ba komai ba ne. Daga inda nake zaune na ɗaga murya na ce, “Dakta Barlo, zo ka duba wannan.”